Masai na zamani ko wurin zama a kan shadda: wanne ya fi wa tsohuwa?

Wani ɗan'uwa daga ƙauye a yankin Ringim ya ce ciwon gwiwa ya hana mahaifiyarsa tsugunno. Yana tambaya: ya sa mata masai na zamani mai ruwa, ko ya gina mata wurin zama a kan shaddar gidan? Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, abu biyu za ka duba kafin ka kira magini: ruwan da kuke samu, da ƙarfin murfin ramin.

Babbar fa'idar na zamani ita ce ba ya wari, don haka ana iya manna shi da ɗakinta, a rage mata tafiyar dare, wadda a nan tsofaffi kan faɗi. Amma yana shan ruwa. Kora ɗaya lita 6 zuwa 9 ce, wato jarka mai lita 25 ba ta wuce shiga uku ko huɗu. Gidan da sai an tura yara rijiyar burtsatse, rowar ruwa ake farawa, daga nan bututun ya toshe. Yana kuma buƙatar bututu inci 4 mai gangara da sokawe nesa da rijiya, mita 30 in akwai fili. A wuraren da ruwan ƙasa ke tasowa da damina, irin su Auyo da Haɗeja, sokawen cika yake ya dawo da ƙazanta. Galibin masai na zamani kuma tsayinsu inci 15 zuwa 16 ne, ya yi ƙasa ga mai gwiwa, sai an yi masa dakali.

Wurin zama a kan shadda ya fi araha, kuma buta ɗaya ta isa. Haɗarinsa murfi. Idan azara ce aka shimfiɗa aka yaɓe da ƙasa, kada a ɗora mata bulo, don gara na cin ta ta ciki ba a gani. A zuba sabon murfi na kankare, kauri inci 4, da rodi mai milimita 10 a saƙe tazarar inci 6. Haɗin: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa kwana 7 kafin a hau. Galibin ƙasar Jigawa rairayi ce, in bakin ramin ba a ɗaure yake da bulo ba, ruwan sama zai zaizaye shi murfin ya nutse.

Tsayin wurin zaman kuwa, bulo biyu a kan juna inci 18 ne, da siminti da filasta ya doshi 20, ya yi wa gajeriyar mace yawa. A auna ta tana zaune, daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, a ƙara inci ɗaya ko biyu, amma tafin ƙafarta ya taka ƙasa sosai. Ramin wurin zaman ya ɗan yi tsawo ta gaba saboda tsarki, cikinsa a goge shi sumul don ya wanku. Wari da ƙuda kuma, maganinsu bututun iska inci 4 da ya zarce rufi da rabin mita, da raga a bakinsa.

Mu dai in babu tanki ko famfo a cikin gida, shadda muka zaɓa. In akwai ruwa kuma ƙasar na shanyewa, na zamani ya fi, saboda kusanci.

Ko wanne ka yi, sai da abin kamawa. Bututun ƙarfe inci ɗaya da kwata, tsayi inci 33 zuwa 36 daga ƙasa, a ɓangaren hannun da ta fi ƙarfi. Katangar ƙasa ba ta riƙe ƙusa, ranar da ta jingina da ƙarfi zai tumɓuke. Mai walda ya lanƙwasa shi, a kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa da kankare. Daɓen ya zama siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye, ban da tayil mai sheƙi. Ƙofa ta buɗe ta waje, don in ta faɗi a ciki jikinta kada ya tokare ta, a kuma sa fitila mai aiki da hasken rana a kan hanyar.