MikroTik hEX: yana ɗaukar IPv4 da IPv6 tare, amma mai sayar da tikiti ya yi hattara

Tun shigowar Starlink Najeriya a 2023, masu shagunan intanet a Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa wajajen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, suka fara cin karo da adireshi iri biyu a kwamfuta ɗaya: IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet da aka saba, da IPv6, sabon tsarin. Na'urar da ta dace da ƙaramin shago don raba su ita ce hEX, na'urar raba intanet (router) ta kamfanin MikroTik, samfurin RB750Gr3.

Ƙofofin waya biyar gare ta, duk na gigabit, da RAM megabait 256. Ba ta da Wi-Fi, sai an haɗa mata wata na'ura. Tana karɓar wuta daga bolt 8 zuwa 30, don haka ana iya jona ta kai tsaye da batirin sola mai bolt 12, ba sai ta bi ta inbata ba. Ba ta da fanka, balle ƙurar hunturu ta toshe shi.

Saitin ba wuya a RouterOS 7, wato siga ta 7 ta manhajar da ke tafiyar da na'urar. A siga ta 6 kuwa sai an kunna kunshin IPv6 an sake tada na'urar. A sa na'urar Starlink a yanayin bypass, wato ta bar wa hEX aikin rabawa, a jona ta a ether1, ƙofar farko ta hEX, a buɗe DHCPv6 client (sashen da ke karɓo adireshin IPv6) a nemi prefix, wato rukunin adireshi. Starlink na ba da babban rukuni, /56, a yanko ƙarami, /64, a ɗora wa bridge (haɗin ƙofofin cikin shago), a kunna advertise don na'urar ta riƙa sanar da shi. Kar a yanko rukunin da ya fi /64 ƙanƙanta, domin wayoyin Android ba sa karɓar adireshi ta DHCPv6, da kansu suke ƙirƙirarsa daga sanarwar na'urar. In adireshi ya fito amma intanet bai tafi ba, yawanci accept router advertisements ne ba a mayar yes ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne Hotspot, tsarin da ake sayar da tikitin shiga intanet da shi. Tsarin tikiti na MikroTik da IPv4 kaɗai yake aiki. In aka sanar da IPv6 a layin kwastomomi, wanda bai sayi tikiti ba zai ga shafin shiga ya tare shi, amma YouTube da Facebook, da yake suna da IPv6, su buɗe masa kyauta. Mai shago sai ya ga layi ya yi nauyi, aljihu kuwa shiru. Haka ma iyakar gudu: queue ɗin (dokar iyakance gudu) da aka ɗora wa rukunin adireshin IPv4 irin 192.168.88.0/24 bai san da zaman IPv6 ba. Maganin shi ne raba layi biyu, kwamfutocin shago da na ofis su sami duka biyun, layin tikiti ya zauna a IPv4 zalla.

Sai katangar tsaro, wadda ita ma biyu ce. Dokar da aka rubuta a /ip firewall ba ta taɓa /ipv6 firewall. A IPv4 kwamfutoci na fake ne a bayan NAT (tsarin da ke sa duka su fita da adireshi ɗaya), a IPv6 kuwa kowacce, har firinta da na'urar kyamara, tana da adireshin da za a iya riskarsa daga waje. Wanda ya goge saitin asali dole ya sake rubuta dokar hana shigowa. Amma kar a toshe ICMPv6 gaba ɗaya (wasu masu gyara na yin haka da sunan tsaro), don da shi kwamfutoci ke gane maƙwabtansu da girman saƙon da hanya za ta ɗauka. In an toshe shi, shafi zai fara buɗewa ya maƙale a rabi.

Gwaji a Windows: ping -4 google.com, sannan ping -6 google.com. Burauza ba abin dogaro ba ce a nan, domin in ɗaya ya mutu takan lallaɓa ta koma ɗayan ba tare da an lura ba.

Ga ofis ko cibiyar jarrabawa mai kwamfutoci ashirin zuwa talatin, hEX ta isa. Wanda ke son danna maɓalli biyu ya gama ya nemi wata, don WinBox, manhajar da ake saita ta da ita, na buƙatar wanda ya iya.