Shagon kalkuleta a kasuwar Garwa da gwajin 69!

Iyayen da 'ya'yansu za su shiga Terminale C (ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren lissafi da kimiyya) bana, in kalkuleta za ku saya, ku nemi shagon Alhaji mai littattafan makaranta a cikin babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru. Ni malamin lissafi ne, can nake tura ɗalibaina, dalili kuwa ɗaya ne: mutumin nan ba ya hana gwaji. Da hannunsa yake buɗe kwalin Casio fx-991ES Plus ya miƙo maka, ya ce, "Malam, danna ka gani tukun, kuɗi sai daga baya."

Abin da nake dannawa shi ne 69!, wato 1 sau 2 sau 3, haka har zuwa 69. Nan take ta nuna 1.711224524 × 10^98. Ka danna 70! kuma, sai ta ce Math ERROR, don amsar ta haura 10^100 (wato 1 da sifili ɗari a bayanta), wanda nan ne iyakarta. Kada wannan ya sa ka mayar da ita, lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta.

Wannan 69! ina sonta ƙwarai. Lambobi 99 ne a jere, amma goma kacal allon yake nunawa, sauran 89 a ɓoye suke. Duk da haka yaro mai lura zai gaya maka yadda ƙarshenta yake. Kowane sifili na ƙarshe daga 2 sau 5 yake fitowa, biyu kuma ta yi yawa a ciki, don haka biyar za a ƙirga. Tsakanin 1 da 69 akwai lambobi 13 da biyar ke rabawa, sannan 25 da 50 kowacce tana ɗauke da biyar ta biyu. Sifili 15 ke nan a ƙarshe, ba tare da an gan su ba. Haka kuma 67 tana raba ta ba saura, 71 kuwa ba za ta iya ba. In ka ƙara mata 1, babu wata lamba daga 2 zuwa 69 da za ta raba ta, kullum sai 1 ya rage. Ranar da na nuna wannan a aji, wata yarinya da ba ta cika magana ba ita ta fara gano dalili.

Kayansa masu kyau ne, maɓallan ba sa maƙalewa, ga batir ga hasken rana. Farashinsa ya ɗan ɗara na masu talla a bakin titi, kuma ba ya rage ko dala. Inda nake da ƙorafi shi ne rasit: sai ka matsa yake rubutawa, alhali uban da ya tara kuɗin nan da ƙyar ya kamata a ba shi takarda tun bai tambaya ba. Ku nema kafin ku bar shagon, ku sa ya rubuta samfurin kalkuletar a jiki.