Binciken na'ura da binciken mutum a shafin kamfani: wanne ya cancanci kuɗinki?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Tambayar da kika kawo zaure ita ce kamfaninki na man kaɗanya da zoɓo yana shirin neman shaidar B Corp, wadda ake ba kamfanonin da ke kula da ma'aikata da al'umma da muhalli, saboda masu sayen kayanki a Turai sun fara tambaya, kuma mutum biyu sun kawo miki farashin binciken shafinku na intanet, don a ga ko masu lalura irin makafi da kurame za su iya amfani da shi. Na farko zai bi shafin da manhaja, ya miƙo rahoto mai maki cikin kwana ɗaya, a kuɗi kaɗan. Na biyu ya ce sai ya zauna ya bi shi da hannunsa, ya kuma ɗauko makafi da kurame su gwada, aikin zai ci makonni, kuɗin kuma ya ninka na farko sau da yawa. Kina so ki san ko bambancin aikin ya kai tazarar farashin.

Ya kai. Amma kafin in shiga, ki riƙe cewa B Lab, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 2006 wadda ke ba da wannan shaida, ba shafin intanet take tantancewa ba. Kamfanin take dubawa gaba ɗayansa: yadda yake biyan ma'aikata, yadda yake mu'amala da matan da ke tsinto masa kaɗanya, abin da yake yi wa muhalli. A tsohon tsari maki 80 ake nema cikin 200. A watan Afrilun 2025 suka fitar da sabbin ƙa'idoji da suka bar tara maki, aka koma fannoni bakwai, kowanne da sharuɗɗan da dole a cika, ba damar a rufe gazawar wani fanni da ƙoƙarin wani. Maganar shafinki tana taɓa biyu daga ciki, fannin adalci da tafiya da kowa, da fannin sauyin yanayi. Saboda haka rahoton da za ki saya hujja ce guda ɗaya a cikin tarin takardu, duk wanda ya ce miki shi kaɗai zai kawo shaidar ki kiyaye shi. Ofishin B Lab na Afirka yana Nairobi, ki tuntuɓe su tun yanzu ki ji sharuɗɗan da suka hau kan kamfani mai girman naki.

Su biyun da mudu ɗaya suke awo, wato WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafukan intanet, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet. Na yanzu shi ne 2.2, wanda ya fito a Oktoban 2023, kuma yana da mataki uku: A, AA da AAA. Na tsakiyar ake nema kusan ko'ina. A cikinsa akwai sharuɗɗan da lissafi ne zalla, misali bambancin hasken rubutu da na bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, madannin da za a taɓa da yatsa kada ya gaza fiksel 24 tsawo da faɗi sai in akwai isasshiyar tazara kewaye da shi. Akwai kuma sharuɗɗan da sai an yi amfani da hankali kafin a ce an cika su. A nan hanyar mutanen nan biyu ta rabu.

Na'ura gwana ce a ɓangaren lissafi. Manhajoji irin su WAVE da axe da Lighthouse suna bin shafi cikin daƙiƙoƙi, ba sa gajiya, kuma abin da suka kama yau shi za su kama gobe. Kada ki raina abin da suke kamawa. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah tana auna shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, kuma a 2024 ta samu kurakurai a kashi 95.9 cikin ɗari. Rubutu mai dishi-dishi ya bayyana a kashi 81, hotuna marasa bayani a fiye da rabi, sai guraben fom marasa suna a kusan rabi. Duk waɗannan na'ura ce ta gano su, kuma akwai kyakkyawan zaton shafinki ma yana da su. Sai dai WAVE kyauta ce, Lighthouse kuwa tana nan cikin Chrome ɗin da ke kwamfutarki. Yaron da ya gina miki shafin zai iya gudanar da su yau da yamma. To ki tambayi mai farashi na farko abin da zai ƙara a kan abin da ake samu kyauta. Idan zai tace sakamakon, ya ware na gaske da na ƙarya, ya nuna yadda za a gyara, yana da abin sayarwa. Idan bugo takardar kawai zai yi ya sa tambarinsa, ba shi da shi.

Iyakar na'ura kuma an auna ta. A 2017 sashen ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya gina shafi da gangan, ya cusa masa kurakurai 143, ya saki manhajoji goma a kansa. Wadda ta fi ƙoƙari ta tsaya a wajen kashi 40 cikin ɗari, kuma kurakurai 42 babu manhaja ko ɗaya da ta gan su. Manhajojin sun inganta tun lokacin, amma tushen matsalar yana nan. Kamar sikelin da kike auna buhun zoɓo ne: zai faɗa miki nauyi daidai, ba zai faɗa miki ko akwai danshi a tsakiyar buhun ba, sai an cusa hannu.

Ga yadda abin yake a zahiri. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa allo, TalkBack a wayar Android, VoiceOver a iPhone, ko NVDA a kwamfuta, wadda makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina suka bayar kyauta. Idan ya iso kan hoto, bayanin da aka rubuta a bayansa ake karanta masa. Na'ura tana duba ko akwai bayanin. Idan yaronki ya rubuta "kaya" a bayan kowane hoto, ta gamsu, ta ba da maki. Shi kuwa mai saye ya ji "kaya, kaya, kaya", bai san wanne ne kwalbar giram 250 ba, wanne ne bokitin kilo biyar. Ya fi muni idan jerin farashin duka a cikin fasta yake, wato hoto ɗaya mai ɗauke da rubutu, irin wanda muke so mu zana mu tura a WhatsApp sannan mu ɗora shi a shafi. A wurin makaho wannan farashin babu shi sam.

Haka harshe. Akwai wurin da ake rubuta harshen shafi a cikin gininsa, na Hausa "ha" ne. Yawancin shafukan da aka ɗauko ƙirarsu a shirye suna zuwa da na Turanci, ba wanda ya canza. Na'ura ta ga an cike gurbin, ta wuce. Ba ta san rubutun Hausa ne a ƙasa ba, balle ta lura cewa salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, har "kaɗanya" ta fito da ɗan akwati a tsakiyarta.

Inda aikin mutum ya fi fitowa fili shi ne wajen biyan kuɗi, kuma za ki iya ɗanɗana shi da kanki. Kunna TalkBack a saitin wayarki, ki rufe idonki, ki yi ƙoƙarin sayen kwalba ɗaya a shafinki. Jan yatsa zuwa dama yana kai ki abu na gaba, taɓawa sau biyu yana danna shi. Abin da masu gwaji suka saba cin karo da shi ke nan: tallar rangwame ta faɗo ta rufe allo, muryar tana ci gaba da karanta abin da ke bayanta, madannin rufewa kuma ba a isa gare shi. An samu an wuce, an sa kaya a kwando, ba sanarwar da ta ce ya shiga, sai mutum ya danna sau uku ya tara kwalba uku. A fom ɗin adireshi an manta lambar waya, gurbin ya koma ja, ba kalma ɗaya da ta faɗi abin da ya faru. Mai ido ya ga ja ya gane. Makaho yana zaune yana jiran shafin da ba zai motsa ba, ƙarshe ya haƙura ya rufe, ke kuma ba za ki taɓa sanin ya zo ba. Shafi mai irin waɗannan matsaloli yana iya samun maki casa'in da wani abu a Lighthouse. Wannan ne ke damuna da rahoton maki, yana kwantar wa mai kamfani da hankali a daidai wurin da bai kamata ya kwanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar lalura, kuma cikinsu akwai kurman da bidiyonki marar rubutu bai amfane shi ba, da mai rawar hannu da ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta sai dai ya bi shafi da maɓallin Tab.

Binciken mutum ma yana da nasa rauni. Ba zai bi kowane shafi ba, samfuri zai ɗauka. Ingancinsa ya dogara da ƙwarewar mai yin sa. Yana tsufa, domin ranar da aka sauya ƙirar shafi wasu gyare-gyaren na iya rushewa. Makaho ɗaya kuma ba ya wakiltar duk makafi, wanda ya shekara goma da NVDA yana tsallake ramin da sabon shiga zai faɗa. Don haka kafin ki biya na biyu, ki nemi ganin tsohon rahotonsa. Kowace matsala ta zo da lambar sharaɗin WCAG da ta saɓa, da shafin da take, da yadda za a gyara ta, da wadda ta fi gaggawa. Ki tambaye shi kai tsaye nawa yake biyan masu gwajin. Bai dace kamfanin da ke neman shaidar adalci ya ci gumin masu buƙata ta musamman da "Allah ya saka" ba.

Akwai na uku da zai iya zuwa miki, mai sayar da ɗan madannin da ake liƙawa a gefen shafi, a ce yana gyara komai da kansa. A Janairun 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan ɗaya saboda iƙirarin cewa irin wannan manhaja tasa tana sa kowane shafi ya cika ƙa'idojin WCAG. Kada ki saya.

A ɓangaren muhalli lamarin ya juya, a nan na'ura ce a gaba. Website Carbon da Ecograder suna auna nauyin shafi su ƙiyasta hayaƙin kabon da buɗe shi ke jawowa, Green Web Foundation kuma tana nuna ko kamfanin da ke ajiye shafin yana amfani da wuta mai tsafta. Duk kyauta ne. Amma giram ɗin da suke bayarwa ƙiyasi ne, ba awo ba. Tsarin lissafin da da yawansu ke bi ya daɗe yana ɗaukar cewa gigabayit ɗaya yana cin yunit 0.81 na wuta, a 2024 aka sabunta shi ya koma wajen 0.3. Wato shafi ɗaya, ba a taɓa shi ba, lambarsa ta sauka. Ko a tsohon lissafin, shafi mai megabayit biyu bai kai giram ɗaya ba a kowace buɗewa, alhali lita ɗaya ta dizal a janaretan masana'antarki tana fitar da kusan kilo 2.6. Hayaƙin kamfaninki yana wurin janareta da jigilar kaya zuwa tashar jirgi, can masu tantancewa za su fi zuba ido. Lambar da ta fi amfani a rahoton shafi ita ce nauyinsa. Ki rage girman hotuna, a mayar da su WebP, wani nau'in hoto marar nauyi, a cire bidiyon da ke kunna kansa. Mai amfana nan take shi ne kwastomanki na gida da ke lissafin data, musamman bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025.

Tafiya da kowa kuwa kusan babu abin da na'ura za ta ce a kai. Ko fom ɗinki yana karɓar suna mai alama irin 'Yar'adua, ko yana tilasta lambar gidan waya ga wanda unguwarsu ba a amfani da ita, ko shafin yana buɗewa a ƙaramar waya mai raunin sabis, ko matan da hotunansu ke shafin sun yarda a ɗora su, duk sai mutum ya duba ya tambaya.

Da ni ce shawara a hannuna, ba zan biya na farko ba. Yaronki ya bi shafin da WAVE da Lighthouse, ya gyara duk abin da suka nuna, don kada ki biya ƙwararre kuɗi mai yawa ya zo yana ƙirga hotuna marasa bayani. Sannan ki kira na biyu, idan kuɗin ya yi nauyi ku rage faɗin aikin zuwa hanyar da mai saye ke bi: shafin farko, shafin kaya, kwando, biya, da tuntuɓa. Idan kina sayarwa kai tsaye ga ɗaiɗaikun mutane a Tarayyar Turai, ki sani dokarsu ta sauƙaƙa wa masu lalura ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025 kuma ta haɗa da shagunan intanet, ko da yake ta ɗauke wa kamfanin da ma'aikatansa ba su kai goma ba kuma cinikinsa bai wuce yuro miliyan biyu a shekara ba. A yarjejeniyar da za ku rubuta, ki tabbata an sa cewa zai dawo ya sake gwadawa bayan gyara ba tare da sabon kuɗi ba, domin rahoton na biyu, mai kwanan wata da jerin abin da aka gyara da abin da ya rage, shi za ki saka a takardunki.