Hattara da ruwan kala da ake sayarwa da sunan kulan

Jama'a, masu motoci a yi hattara. Akwai masu bin gareji suna sayen galan ɗin kulan, wato ruwan sanyaya injin mota, da aka juye, su cika shi da ruwan rijiya ko na burtsatse, su ɗiga kala, kore ko ja, su mayar da murfi, su sayar a bakin titi da wasu shagunan kayan mota da sunan na kamfani. Arahar ce ke jan mutane.

Kala ba ta nuna komai, rini ne kawai ko a na gaskiyar. Abin da ke aiki shi ne sinadarin gilaikol da magungunan hana tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, alhali injin da ke aiki yana kai 90 zuwa sama da haka. Kulan na gaske da aka haɗa rabi da rabi, in murfin lagireto yana riƙe iska da kyau, sai ya wuce digiri 120 bai tafasa ba.

Muguntar jabun ita ce ba ya nuna kansa nan take. Mota za ta yi ta tafiya lafiya, a ciki kuwa gishirin ruwan yana daskarewa yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, tsatsa tana cin famfon ruwa, alminiyon kan silinda yana zaizayewa. Ran da aka shiga cunkoso da ranar bazara, allurar zafin injin ta haura ja, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe. Kuɗin gyaran ya ninka na galan sau da yawa.

Gwaji mafi sauƙi: a zuba kaɗan a ƙaramar roba, a rufe, a sa a firiza mai aiki sosai ya kwana, nesa da abinci. Firiza tana kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili, haɗin rabi da rabi kuwa ba ya daskarewa sai wajen 37 ƙasa da sifili. In ya wayi gari ƙanƙara, an cuce ka. A shago kuma, murza ɗigo tsakanin yatsu biyu: na gaske yana da santsi, jabu ruwa ne tsagwaronsa. Duba hatimin bakin galan, in an liƙe shi da gam ko ya yage, ajiye musu kayansu. Kada a ɗanɗana, gilaikol guba ne, yana lalata ƙoda.

Wanda ya riga ya zuba, ya bar injin ya huce sosai kafin ya taɓa murfi, a tsiyaye ruwan duka, a wanke lagireto, a zuba irin wanda littafin motar ya ce. In baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi na fita a salansa, kada a ƙara tayar da ita, a jawo ta wurin makanike. Galan ɗin da ka juye kuma, huda shi kafin ka yar, don da shi suke sana'ar.