Shagon askin da na daina fargabar zama kujerarsa

Shekara 3 ke nan da likita ya ce mini ƙwayoyin da ke tsaida jini, waɗanda suke kira plaket, sun yi ƙasa a jikina. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000, ni kuwa nawa ba su cika wuce 40,000 ba. Ɗan ƙwarzane kaɗan sai jini ya yi ta tsiyaya, cinyata kuma kullum da shatin baƙi-baƙi ban san inda na buge ba. Aspirin da ibuprofen an hana ni, sai parasetamol.

Don haka na rabu da wanzaminmu da askarsa, ba don ya yi mini laifi ba.

Inda nake aski yanzu wani ɗan shago ne kusa da babbar kasuwar Tawa. Ran farko na faɗa wa mai shagon larurata. Bai ce "ai ba komai" ba, irin maganar da ke ba ni haushi. Cewa ya yi, "Baba, to ba reza ke nan, ko a gefen gemu." Da inji kaɗai yake yi mini, ya sa masa kariya, ya goge bakin injin da alkol a gabana. Idan ya zo bayan kunne har numfashi yake riƙewa. Wata 8 ban ga ɗigon jini ba.

Aibinsa: ranar Juma'a layi ya yi yawa, kuma in aka ɗauke wuta sai ka koma gida da rabin kai. Dala ɗari nake biya. Da sanyin hunturu, lokacin da haɓo ke damuna, yakan kashe mini fanka tun kafin in roƙa.