Sharhi kan ajin koyon dogon takobin Jamusawa da kayan da na saya dominsa

A ƙarshen hunturun da ya wuce na kammala ajin 'yan koyo na wata ƙungiya mai nazarin faɗan takobin Turawa na ƙarni na 14 da na 15, wadda ke haɗuwa da yamma a zauren motsa jiki na wata makaranta a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila, inda neman abinci ya kawo ni. 'Yan uwa da dama sun tambaye ni ko abin ya cancanci kuɗi da lokacin da ya ci, wasu kuma sun ɗauka wasan kwaikwayo ne irin wanda ake gani a fim. Ya cancanta ƙwarai, amma ga wanda ya zo da niyyar karatu, domin abin da ƙungiyar ke bayarwa ilimi ne da ake tonowa daga tsofaffin rubuce-rubucen hannu sannan a gwada shi da jiki, kuma da wannan ma'auni zan auna ta, inda ta dace da inda ta gaza.

Tushen karatun shi ne koyarwar Johannes Liechtenauer, wani gwanin takobi Bajamushe na ƙarni na 14, wanda ya dunƙule fasaharsa cikin gajerun baitoci, kuma almajiransa sun bayyana cewa da gangan ya lulluɓe ma'anar don kada ta faɗa hannun kowa da kowa. Rubutu mafi tsufa da ke ɗauke da baitocin yana ajiye a birnin Nuremberg, ana kuma danganta shi da shekarar 1389, sai sharhohin da suka biyo baya a ƙarni na 15, irin na Sigmund Ringeck da wanda ke cikin kundin 1452 mai ɗauke da sunan Peter von Danzig. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya san wannan tsari na matani a waƙe, a taƙaice, wanda sai malami ya warware shi kafin ɗalibi ya gane inda aka dosa. Bambancin shi ne a nan silsilar ta yanke tun ƙarnoni da suka shuɗe, babu mai rai da ya karɓi wannan ilimi baki da baki daga wanda ya yi amfani da shi a fagen fama. Abin da ya fi ɗaga darajar malaminmu a idona shi ne bai taɓa ɓoye wannan ba. Yakan karanta baiti, ya karanta abin da mai sharhi ya ce, sannan ya nuna yadda shi ya fahimta, ya kuma nuna yadda wasu ƙungiyoyi suka fahimta in sun saɓa masa, ya bar mu mu gwada duka biyun. Ya kuma tura mu shafin Wiktenauer na intanet, inda hotunan rubuce-rubucen da fassarorinsu suke kyauta, don kowa ya duba da idonsa. Malamin da ke nuna wa ɗalibi inda zai iya kama shi da kuskure, ni a wurina ya cika malami.

Abu na farko da hannu ke koya shi ne takobin ba shi da nauyin da ake zato. Dogon takobi na wancan zamani yakan kai santimita 110 zuwa 130, nauyinsa kuma yana kewayen kilo ɗaya da rabi, ana riƙe shi da hannu biyu, na dama kusa da gicciyen ƙarfen da ke kare hannu, na hagu a kan dunƙulen da ke gindin ƙota. Makonnin farko sun tafi a kan taku da tazara da tsayuwa huɗu: ta sama, inda takobi ke kan kafaɗa ko bisa kai, da ta bijimin sa, inda ƙota ke daidai kunne tsini na kallon fuskar abokin karawa, da ta garma, inda ƙota ke sauka zuwa kwankwaso, sai ta wawa, inda tsini ke kallon ƙasa kamar mutum ya bar kansa a buɗe. Wasu sun gaji da maimaicin sun daina zuwa, amma ban ga yadda za a tsallake shi ba.

Inda ajin ya biya kuɗinsa shi ne darasin haɗuwar takubba. Sara na farko daga cikin saran gwanaye biyar shi ne saran fushi, wanda bai bambanta da saran da kowane mutum zai kawo daga kafaɗar dama in ransa ya ɓaci ba. Koyarwar ta ce idan abokin karawa ya kawo maka sara daga sama, kada ka tsaya karewa kawai, kai ma ka kawo naka a karkace ya faɗa kan ruwan takobinsa, ta yadda motsi ɗaya zai ture nasa ya kuma bar tsininka yana fuskantar fuskarsa. A daidai lokacin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ne komai ke yankewa, domin ta tafin hannunka za ka ji ko yana dannawa da ƙarfi ko ya saki. In ya saki, sai ka zarce da suka. In ya danna gefe da ƙarfi, sai ka ɗauke takobinka ta sama ka sauke shi ta ɗaya ɓangaren, ƙarfin da ya sa ya tafi da shi a banza. In kuwa ya tsaya a tsakiya, sai ka murɗa ƙota sama har rabin ruwan takobinka na kusa da hannu, wanda shi ne mai ƙarfi, ya hau kan rabin nasa na kusa da tsini, wanda shi ne mai rauni. Wani dare malamin ya haɗa ni da wata mata da ba ta kai kafaɗata ba, ya ce mu rufe idanu, takubbanmu na manne da juna, kowa ya nemi hanya a hankali. Duk lokacin da na ƙara ƙarfi sai in ji takobinta ya sulale daga inda nake dannawa, kafin in gyara tsayuwa tsininta ya riga ya taɓa ƙirjin rigata. A nan na ga da jikina abin da masu sharhi ke nufi da ji, wato gane dannawar abokin karawa ta tafin hannu, da kuma dalilin da ya sa suka fifita shi a kan ƙarfin dantse.

Wannan darasi ne kuma ya tona babban aibin ajin. Takubban aro da ƙungiyar ke bai wa 'yan koyo na roba ne, kuma roba ba ta kama roba, da zarar sun haɗu sai su yi tsalle su rabu, alhali fasahar gaba ɗaya a kan mannewar aka gina ta. Na fahimci dalilin ƙungiyar, roba ta fi araha kuma ta fi sauƙin rauni ga wanda bai iya sarrafa hannunsa ba, amma ya kamata a ajiye 'yan takubban ƙarfe don wannan darasi kaɗai, maimakon a jira sai ɗalibi ya sayi nasa. Ga kuma yawan ɗalibai da ya fi ƙarfin malami ɗaya da mataimakinsa, har mutum kan maimaita motsi a karkace tsawon dare kafin a iso kansa.

Takobin atisaye na ƙarfe da na saya daga wani maƙeri a gabashin Turai irin wanda Jamusawa ke kira feda ne, kuma samfurinsa yana cikin zane-zanen littafin Joachim Meyer na 1570. Tsawonsa ya kusa santimita 130, ba shi da kaifi, an naɗe tsininsa, ruwansa siriri ne mai lanƙwasawa daga wajen tsini don suka kada ta yi ɓarna, sannan yana da faɗi a gindi wanda ke taimakawa wajen kare yatsu. Daidaiton nauyinsa ya gamsar da ni, yana juyawa a hannu ba tare da jan wuyan hannu ba, kuma ranar da na fara amfani da shi darasin saran fushi ya zama wani abu dabam. Sai dai na jira watanni kafin ya iso, gicciyen ya fara motsi yana ƙara tun bai daɗe ba, kuma fatar da aka naɗe ƙota da ita ta soma warwarewa daga ƙasa. Kowane dare bayan atisaye sai an bi gefensa da magagari an goge ƙananan tsage-tsagen da karo ke bari, in ba haka ba za su yage rigar abokin karawa, sannan a shafa masa mai, domin damshin ƙasar nan ba ya jinkirin sa tsatsa.

Kwalkwalin fuska mai raga iri biyu ne a kasuwa, mai lamba 350N da mai lamba 1600N, lambar kuma tana nuna ƙarfin ƙyallen da ke rufe wuya wajen hana huda, kuma na biyun ragarsa ma ta fi ƙarfi. Na ɗauki na biyu, na ƙara masa murfin ƙeya da makarin maƙogwaro, ban kuma yi nadama ba, domin sara daga sama ko da takobi dakusasshe ne yana jijjiga kai. Safar hannu kuwa ita ce wurin da ba a yin rowa. Yatsu ne suka fi shan rauni a wannan fage, kuma safar aro ta ƙungiyar ta tsufa har gaɓoɓin babban yatsa sun buɗe. Na ga wani ɗalibi ya cire tasa bayan karo ɗaya, farcensa ya yi baƙi ƙirin. Wannan sakaci ne da ƙungiyar ke iya gyarawa da kuɗi kaɗan, kuma na faɗa wa shugabanninta haka. Wadda na saya mai tauri ce irin mai haɗe yatsu huɗu wuri guda, tana rage sauƙin motsi, amma tana yin aikinta.

Dare guda kawai aka ware wa sulke, kuma ya yi kaɗan. Wani tsohon ɗan ƙungiya ya zo da cikakken sulken faifan ƙarfe irin na ƙarni na 15, ya sa, ya durƙusa, ya kwanta, ya miƙe da kansa ba tare da taimakon kowa ba. Irin wannan sulke yakan kai kilo 20 zuwa 30, amma nauyin a rarrabe yake a jiki. Wahalarsa tana wajen zafi da numfashi da ƙafafu, kuma a 2011 masu bincike na Jami'ar Leeds sun sa mutane sanye da sulke sun yi tafiya a kan na'ura, suka gano ƙarfin da jiki ke kashewa ya ninka wajen sau biyu. Mai sulken ya nuna mana cewa sara ba ya cin faifan ƙarfe, don haka mai faɗa da mai sulke yakan kama tsakiyar ruwan takobinsa da hannun hagu ya mai da shi gajeren mashi, ya nemi hammata ko tafin hannu ko tsagar ido ta kwalkwali, ko ya juya takobin ya yi duka da gicciye, ko kuma a koma kokawa da wuƙa. Wannan babi ne mai zaman kansa a rubuce-rubucen, har da na Fiore dei Liberi, Ba'italiyen da ya rubuta nasa a farkon shekarun 1400, kuma bai kamata a taƙaita shi haka ba. Yayin da nake juya rigar zobban ƙarfe da ya zo da ita, na tuna cewa tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, wato a zamani ɗaya da waɗannan rubuce-rubuce, kuma 'yan sulke da 'yan lifidi na hawan sallah har yau su ne shaidarsa.

Ƙungiyar ta shirya mana ziyara zuwa gidan tarihin Royal Armouries na Leeds, wanda aka buɗe a 1996, kuma shi ke riƙe da littafin faɗan takobi mafi tsufa da aka sani a Turai, mai lamba I.33, na farkon ƙarni na 14, inda wani malamin coci ke koya wa almajirinsa takobi da ƙaramar garkuwa, a shafukan ƙarshe kuma wata mace mai suna Walpurgis ta bayyana riƙe da takobi. A hanyar dawowa malamin ya yi mana bayanin Towton, filin da ba shi da nisa da Leeds, inda sojojin gidan York da na Lancaster, masu jayayya kan sarautar Ingila, suka gwabza cikin dusar ƙanƙara ranar 29 ga Maris 1461. A 1996 aka tono wani kabarin gama-gari a can, kuma mafi yawan raunukan da aka gani a ƙasusuwan a kai da fuska suke. Ya kawo wannan ne don gyara wata ɗabi'a da ke damunsa, ni ma take damuna, wato yadda kayan kariya ke sa 'yan koyo su afka wa juna ba tsoro, kowa ya sari ɗan uwansa a lokaci guda sannan a tsaya gardamar wanda ya riga. Dokarsa ita ce idan biyu suka sari juna tare to duka sun faɗi, domin koyarwar ta ginu ne a kan ka taɓa ba a taɓa ka ba. Na so a ce mataimakinsa ma yana riƙe wannan doka da irin wannan tsanani.

Kuɗin ajin kansa mai sauƙi ne, kuma ba a buƙatar komai a farko sai takalmin motsa jiki da tufafi masu sakewa. Nauyin yana zuwa ne daga baya, domin kwalkwali da safa da riga mai kauri da makaran gwiwa da na gwiwar hannu da takobin ƙarfe, in aka haɗa su, sukan laƙume fam ɗaruruwa. Shawarata ga mai sha'awa ita ce kada ya sayi komai sai ya gama ajin farko, sannan ya fara da kwalkwali da makarin maƙogwaro, ya bi da safar hannu mafi kyau da aljihunsa zai iya ɗauka, takobi ya zo daga baya bayan ya riƙe na mutane daban-daban ya san tsawon da ya dace da shi. Kafin ya biya kowace ƙungiya kuma, ya tambayi malaminta daga wane rubutu yake koyarwa, ya kuma nemi a nuna masa safar aron da za a ba shi.