Git, Mercurial ko Subversion: Wanne Ya Fi Iya Tace Fayiloli?

Matashin da ke rubuta wa ɗan kasuwa a Maradi manhajar lissafin kaya, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke aikin kammala karatu da abokansa, ya kamata ya duba abu ɗaya kafin ya zaɓi manhajar adana tarihin aikinsa, wato yadda take rarrabe fayilolin da za ta ɗauka da waɗanda za ta ƙyale. Dukkan ukun kyauta ne, saboda haka asarar tana wajen kuɗin intanet da manyan hotuna ke cinyewa idan suka shiga ma'ajiya bisa kuskure, balle fayil mai ɗauke da kalmar sirri.

Subversion tana liƙa ƙa'idar svn:ignore, wato jerin fayilolin da za a ƙyale, a jikin kowace folda daban, abin da ke gajiyar da mutum, ko da yake svn:global-ignores da ta zo a 2013 ta rage wahalar. Mercurial tana da .hgignore, fayil ɗin da ake rubuta abin da za a ƙyale a ciki, amma ba ta da alama mai sauƙi ta dawo da abin da aka ware.

A nan ne Git, wadda Linus Torvalds ya fara a 2005, ta yi musu zarra, kuma ita nake ba da shawara a ɗauka. A cikin .gitignore, wato nata fayil ɗin na abin da za a ƙyale, layin da ya fara da alamar ! yana dawo da fayil da wani layi na sama ya ware, domin layi na ƙarshe da ya dace da sunan shi ke yanke hukunci. Sai dai akwai tarko: idan aka rubuta hotuna/ sannan !hotuna/tambari.png, tambarin ba zai dawo ba, domin Git ba ta ma leƙa cikin foldar da aka ware gaba ɗaya. Maganin shi ne a rubuta hotuna/* a layin farko, ta yadda abin da ke ciki ne aka ware, ƙofar foldar kuwa tana buɗe. Duk lokacin da aka rikice, umarnin git check-ignore -v yana nuna layin da ya jawo hukuncin.

Abin da ya shafi kwamfutar mutum shi kaɗai, wurinsa .git/info/exclude ne, wanda ba ya zuwa wa abokan aiki. Fayil da aka riga aka shigar cikin ma'ajiya kuwa, waɗannan ƙa'idoji ba sa taɓa shi, sai an cire shi da git rm --cached tukuna.